Daga Aljabara Zuwa Kalkulas: Sharhi Kan Lissafin Shekarar Farko a Jami'a

A watan Oktoba na 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayyar Nijeriya ta sanar da cewa samun kiredit a lissafi ya daina zama sharaɗi ga masu neman gurbin karatu a fannoni irin su adabi da harsuna da tarihi. Kafin a ce kwabo, magana ta rikiɗe a bakin jama'a, ta koma wai an soke lissafi. Sai da ma'aikatar ta sake fitowa ta bayyana cewa har yanzu wajibi ne kowane ɗalibin sakandare ya yi rajistar lissafi, ya kuma zauna jarrabawarsa. Ruɗanin ya tono tsofaffin tambayoyi: wane irin lissafi ake koyarwa a jami'a, wa yake buƙatarsa, kuma me ya sa ɗaliban shekarar farko suke shakkarsa haka?

Abin da ya kamata a fara ganewa shi ne, kwasa-kwasan da suka faro daga aljabara suka ƙare a kalkulas tsani ɗaya ne. Kowane mataki a kan na ƙasa da shi yake tsaye. Yawancin ɗaliban da ake cewa kalkulas ya kayar da su, tun a aljabara suka zame, ba a dai lura ba sai da suka yi nisa.

Ma'anar kalmomin

Aljabara ita ce lissafin da ake yi da haruffa a madadin lambobin da ba a sani ba, ko waɗanda suke canzawa. Idan ɗan kasuwa ya sayi buhu 12, ya biya kuɗin mota naira 30,000, jimillar abin da ya kashe ta kama naira 630,000, nawa ne kuɗin buhu ɗaya? Sai a sa harafin x a madadin kuɗin buhun, a rubuta 12x + 30,000 = 630,000, a warware a samu naira 50,000. Wannan rubutu mai alamar daidai a tsakiya shi ake kira daidaito. Sunan fannin ya fito ne daga littafin Muhammad bin Musa Alkhawarizmi, wanda ya rubuta a Bagadaza wajen shekarar 820, kuma babban sashe na littafin a kan matsalolin wasiyya da rabon gado yake.

Fankshin alaƙa ce tsakanin abubuwa biyu, inda sanin na farko yake tsayar da na biyu. Kuɗin man fetur ya dogara da yawan litar da aka sha; faɗin da'ira ya dogara da nisan bakinta daga tsakiya. Idan aka zana wannan alaƙa a takarda, zanen shi ne giraf. Wata irin fankshin mai muhimmanci ita ce ta ninkuwa: kayan da farashinsa yake ƙaruwa da kashi 20 cikin 100 kowace shekara zai ninka kuɗinsa kafin shekara huɗu ta cika. Logaridim shi ne juyin wannan tambaya, wato a ce shekara nawa za a ɗauka kafin a kai ga ninkin.

Tirigonometiri lissafin kusurwa ne da gefunan alwatika, wato siffa mai gefe uku. Da shi safiyo yake gano tsawon tsauni ba tare da ya hau ba, da shi kuma ake bayyana duk abin da yake kai da komo, kamar wutar lantarki da sauti.

Kalkulas lissafin canji ne, kuma reshe biyu gare shi. Na farko yana auna saurin canji a daidai wani lokaci. Ɗalibai suna kiransa difarenshiyeshan. Motar da ta ci kilomita 240 cikin awa 3, matsakaicin gudunta 80 ne a awa, wannan rabawa ce kawai. To amma gudun da take yi a daidai ƙarfe goma da minti biyar fa, wanda allurar ma'aunin gudu take nunawa? Wannan aikin reshen farko ne. Na biyu, intagireshan, yana tara ƙananan canje-canje ya fitar da jimilla: idan ƙarfin ruwan da ke shiga madatsa yana hawa yana sauka tsawon damina, da shi ake gano yawan ruwan da ya taru. Babbar ƙa'idar kalkulas ta tabbatar da cewa rassan biyu juyin juna ne, kamar yadda ragewa take juyin tarawa.

Dukkan rassan sun dogara da tunani guda da ake kira iyaka. Ɗauki lamba sau kanta: 3 sau 3 shi ne 9. Idan aka matsa zuwa 3.1, amsa ta zama 9.61, an ƙaru da 0.61 a kan matsin 0.1, wato saurin ƙaruwa 6.1. Idan aka matsa zuwa 3.01 kawai, saurin ya zama 6.01. Duk sa'ad da aka ƙara rage matsin, amsar tana ƙara kusantar 6. Wannan 6 ita ce iyakar, ita ce kuma saurin canjin a daidai lamba 3.

Yadda aka jera kwasa-kwasan

A Nijeriya, Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta fito da sabuwar manhaja mai suna CCMAS a watan Disamba na 2022, inda hukumar ta tsara kashi 70 cikin 100 na abin da za a koyar, ta bar wa kowace jami'a kashi 30. A wannan manhaja ɗaliban kimiyya da injiniyanci da kwamfuta suna ɗaukar MTH 101, wanda ya haɗa aljabara da tirigonometiri, sannan MTH 102, wato kalkulas. Lambar kwas takan bambanta daga jami'a zuwa jami'a, amma abin da ke ciki kusan ɗaya ne. Ke nan a cikin zango biyu ake son ɗalibi ya haye tsanin daga ƙasa har ya taɓa kalkulas.

A Amurka an fi shimfiɗa matakan. Akwai aljabarar farko, da ta tsakiya, da ta kwaleji, sai tirigonometiri ko kwas ɗin share fagen kalkulas, sannan kalkulas kashi uku. Sabon ɗalibi yakan zauna gwajin tantancewa a gano matakin da zai fara. A kwalejojin al'umma masu karatun shekara biyu, matakan ƙasa na cike giɓi ne: ɗalibi yana biyan kuɗinsu, yana ɓata zango a kansu, amma ba sa shiga lissafin digirinsa.

A Nijar da sauran ƙasashen da suka gaji tsarin Faransa, ɗaliban sashen kimiyya na ajin ƙarshe a sakandare sukan yi rassan kalkulas biyu kafin jarrabawar bakaloriya. A Nijeriya kuwa, ana ɗan taɓa kalkulas a lissafin gama-gari, amma zurfinsa yana cikin darasin Further Mathematics, wanda zaɓi ne, kuma ba kowace makaranta ke da malaminsa ba. Don haka a aji ɗaya na jami'a za ka tarar da wanda ya shekara uku yana wannan darasi zaune kusa da wanda bai taɓa shigarsa ba, lakcara ɗaya, jarrabawa ɗaya.

Me ya sa aka jera su haka

Jerin ya bi sawun yadda ilimin kansa ya ginu. Alkhawarizmi da kalmomi zalla ya rubuta lissafinsa, babu x babu alamar daidai. Amfani da haruffa bisa tsari sai a 1591, a hannun Bafaranshe François Viète. John Napier ya wallafa logaridim a 1614. A 1637 René Descartes ya haɗa aljabara da zanen siffofi, abin da ya buɗe ƙofar giraf. Bayan an samu waɗannan kayan aiki ne Isaac Newton a Ingila ya tsara kalkulas a 1665 zuwa 1666, Gottfried Leibniz a Jamus kuma ya kai ga nasa daban, ya wallafa a 1684. Alamomin Leibniz ne ɗalibai suke rubutawa har yau.

Ko bayan haka, an daɗe ana aiki da kalkulas ana samun amsa daidai alhali ba a daddale hujjarsa ba. George Berkeley ya yi wa tushen fannin suka mai zafi a 1734, kuma sai a 1821 Augustin Cauchy ya kafa shi sosai a kan tunanin iyaka. Abin da ya ɗauki manyan masana fiye da shekara 130 kafin su tsayar, shi ake gabatar wa ɗan shekara 18 cikin 'yan makonni. Wanda ya ji wuyar tunanin iyaka, ba daƙiƙanci ne ya jawo masa ba. Tunanin ne da kansa yake da nauyi.

Inda ake tuntuɓe

Sanadi na farko shi ne giɓin baya. Malaman lissafi a ko'ina sun san wasu kurakurai biyu da suke maimaituwa a takardun jarrabawa. Ɗaya shi ne a tara rabi da sulusi a ce biyu bisa biyar ne, alhali biyar bisa shida ne. Ɗayan kuma shi ne a ɗauka cewa (a + b)² daidai yake da a² + b². Gwada da 3 da 4: na farko ya ba da 49, na biyu 25. Tambayar kalkulas takan ƙunshi layi ɗaya na sabon tunani da layi shida na aljabara. Ɗalibi zai gane sabon tunanin sarai, ya rasa makin a layuka shidan.

Na biyu shi ne hadda ba fahimta. Jarrabawar shiga jami'a ta JAMB ta zaɓin amsa ce, kuma ana iya cin ta da haddar fomula da dabarar tsallake amsoshin da ba su dace ba. A jami'a kuwa ana neman a rubuta hanya daki-daki, wani lokaci a kawo hujja. Haddar da ta yi rana jiya ba ta wadatar a nan.

Na uku shi ne cunkoso. Da yake sassa da yawa ne suke tarayya a kwas ɗin, ɗaruruwan ɗalibai sukan cika ɗakin lacca guda. Lissafi kuwa da hannu ake koyonsa: a yi, a yi kuskure, a gyara. Idan babu mai duba aikin ɗalibi kowane mako, ranar jarrabawa ce zai fara sanin cewa ya ɓata hanya.

Na huɗu shi ne harshe. Ɗalibin da Turancinsa bai nuna ba yana aiki biyu a tambaya ɗaya: ya kwance jimlar, sannan ya mayar da ita daidaito. Sau da yawa a matakin farkon ake rasa shi, sai a rubuta masa faɗuwa a lissafi.

Na biyar shi ne tsoro da jinkiri. Yaron da aka saba gaya masa cewa ba shi da kan lissafi yakan guji littafin har jarrabawa ta matso. Wasu darussan ana iya haɗiye su a mako guda, amma a wannan fanni ba a fafe gora ranar tafiya, domin darasin mako na takwas ba ya shiga sai na mako na uku ya zauna.

Ra'ayoyin da suke karo da juna

Ra'ayi na farko shi ne a bar tsanin yadda yake, kowa ya hau. Masu wannan ra'ayi suna cewa aljabara tana horar da tunani bisa ƙa'ida, kuma rufe wa yaro ƙofarta da wuri daidai yake da rufe masa ƙofar injiniyanci da kimiyya da tattalin arziki tun bai san abin da yake so ba. Robert Moses, ɗan gwagwarmayar 'yancin baƙar fata a Amurka, ya kafa shirin koyar da aljabara a 1982 bisa wannan fahimta: a ganinsa samun aljabara haƙƙi ne na 'ya'yan talakawa, kamar haƙƙin jefa ƙuri'a.

Ra'ayi na biyu yana cewa tilasta wa kowa hanya ɗaya zalunci ne. Masanin siyasa Andrew Hacker ya tayar da ƙura a 2012 da wata maƙala a jaridar New York Times, inda ya yi tambaya ko aljabara dole ce, ya kuma faɗaɗa hujjarsa a littafi a 2016. Hujjar ita ce, ana korar ɗalibai masu hazaƙa a wasu fannoni saboda lissafin da ba za su taɓa aiki da shi ba, alhali abin da suke buƙata shi ne iya karanta alƙaluma.

Ra'ayi na uku ya tsaya a tsakiya: kowa ya yi lissafi, amma hanyoyi su rabu. Mai zuwa injiniyanci ko fiziks ya bi ta kalkulas. Mai zuwa aikin jarida ko shari'a ko jinya ya bi ta ilimin ƙididdiga, wato tattara alƙaluma da fassara su. Cibiyar Dana ta Jami'ar Texas da Gidauniyar Carnegie sun tsara kwasa-kwasai a kan wannan tafarki. Masu suka suna gargaɗin cewa idan ba a kula ba, 'ya'yan marasa galihu ne za a riƙa turawa hanya mai sauƙi, 'ya'yan masu hali su riƙe ta kalkulas.

Akwai kuma saɓani kan na'ura. Tunda kalkuleta da manhajojin waya suna warware tambaya cikin daƙiƙa, wasu suna ganin a rage aikin hannu a ƙara fassara amsa. Wasu kuma suna cewa wanda bai taɓa yi da hannunsa ba, ba zai gane ba idan na'ura ta ba shi amsar banza. Wannan jayayya ta girmi manhajojin waya: tun a wani taro na Jami'ar Tulane a 1986 malamai suka yi kira da a rage wa kalkulas kaya, a koyar da kowane tunani ta hanyar zane da lambobi da haruffa tare.

Abin da bincike ya nuna

Wani bincike da Thomas Bailey da abokan aikinsa na Jami'ar Columbia suka wallafa a 2010 ya gano cewa kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai na ɗaliban da aka tura kwasa-kwasan cike giɓi na lissafi suka kammala jerin. Da yawa ba faɗuwa suka yi ba. Tsakanin wannan zango da na gaba suka sulale. Tsawon hanyar kansa yana zubar da mutane. Saboda haka jihar Tennessee ta sauya salo a kwalejojinta a 2015: ɗalibi ya shiga kwas na ainihi kai tsaye, a haɗa masa da ajin tallafi a zango ɗaya. Jihar Kalifoniya ta yi doka mai lamba AB 705 a 2017 wadda ta taƙaita tura ɗalibai cike giɓi. Yawan masu kammala lissafin matakin kwaleji ya ƙaru, ko da yake malamai da dama suna ƙorafin cewa waɗanda giɓinsu ya fi zurfi ba su samu isasshen tallafi ba, musamman a hanyar kalkulas.

Kan salon koyarwa, wani nazari da Scott Freeman ya jagoranta a 2014 ya haɗa sakamakon bincike 225 a fannonin kimiyya da injiniyanci da lissafi. A azuzuwan lacca zalla kusan kashi 34 cikin 100 ne suke faɗuwa, a azuzuwan da ɗalibai suke warware tambayoyi a cikin aji kuwa kusan kashi 22. Tun kafin wannan, a tsakiyar shekarun 1970, Uri Treisman ya lura a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley cewa ɗaliban kalkulas da suke karatu a rukuni suna gyara wa juna sun fi masu karatu su kaɗai cin nasara. Ya kafa zaman bita na rukuni mai tambayoyi masu wuya, aka kuma kwaikwayi tsarin a jami'o'i da yawa.

Waɗannan sakamako na Amurka ne, inda yawan ɗalibai a aji da kuɗin da ake kashewa suka sha bamban da namu. Amma darasinsu bai dogara da tsadar kaya ba: a gano giɓi da wuri, a cike shi a gefen kwas ɗin, a sa ɗalibi ya yi aiki da hannunsa ana dubawa. A Nijeriya akwai hanyoyin share fage irin su IJMB da Jami'ar Ahmadu Bello take kula da shi, da makarantarta ta share fage a Funtuwa, sai dai waɗannan kafin shiga jami'a ne. Wanda ya shigo ta JAMB da giɓinsa, galibi tutoriyal na ɗalibai 'yan uwansa ne gatansa.

Abin da zai iya biyo baya

Ga ɗalibi, faɗuwa a kwas na shekarar farko ba ta tsayawa nan. Kari-oba, wato maimaita kwas a shekara mai zuwa, tana danne matsakaicin makinsa, tana kuma cin lokacin sababbin darussa. Mafi muni shi ne wanda ya tsallake da ƙyar ba tare da fahimta ba, domin lissafin shekara ta biyu da darussan lantarki da na ƙarfin gini duk da harshen kalkulas ake koyar da su.

Ga sassauta sharaɗin shiga jami'a, ana iya tsammanin fuska biyu. Zai buɗe ƙofa ga waɗanda lissafi kaɗai ya tsare shekara da shekaru. Amma idan ɗalibai da makarantu suka fahimce shi a matsayin izinin yin watsi da darasin, za a yaye lauyoyi da 'yan jarida da malaman makaranta da ba za su iya tantance kasafin kuɗi ko alƙaluman zaɓe ko rahoton lafiya ba. Wasu daga cikinsu ne kuma za su koma firamare su koyar da rabi da sulusi.

Matsaya

Hujjojin da aka zayyana sun fi ƙarfafa ra'ayin tsakiya, bisa sharuɗɗa. Kalkulas wajibi ne ga mai karatun injiniyanci da kimiyya da tattalin arziki, kuma sassauta ma'auninsa cutar da al'umma ne, domin gada da magani ba sa karɓar uzuri. Ɗalibin adabi ba ya buƙatarsa, amma yana buƙatar aljabarar farko da ilimin ƙididdiga, kuma ya dace jami'a ta ba shi kwas na gaske a kansu. Zaɓin hanya kuma ya zama a buɗe, ta yadda wanda ya canza shawara zai iya komawa.

Abin da ke hannun jami'o'i a yanzu ba ya buƙatar sabuwar doka: gwajin aljabara a makon farko don a san inda kowa ya tsaya, ƙananan azuzuwan bita da ɗaliban digiri na biyu za su riƙa jagoranta, da aikin mako-mako da ake dubawa a mayar wa mai shi. Iyaye da malaman sakandare kuma su sani cewa shirin kalkulas mafi amfani shi ne yaro ya ƙware a lissafin ɓangare da warware daidaito tun yana ƙaramar sakandare. Ɗalibin da ya riga ya faɗi, ya koma ya binciki aljabararsa kafin ya yanke wa kansa hukunci, domin giɓin da aka gano wurinsa ana iya cike shi.